'Ya'yan Gishiri

A Kandara ta Jidda, bayan kantin wani Bayamale,
inda tururin guga ke dafa mana fuska,
shekara tara muna tsaye kafaɗa da kafaɗa,
ni da Wagiman, mutumin Jawa.
Larabcinsa guntu ne, nawa ma ba dogo ba,
da guntayen nan biyu ya ɗinka mini labari.

Ya ce garinsu Karangsuli, a bakin teku,
gero ba ya tsira, shinkafa sai an lallaɓa.
Kakansa na cikin sha ɗayan farko,
'yan dakon buhu, ƙafafu duk faso,
ƙwallonsu ɓawon kwakwa naɗe da tsumma.
Bature ya sa wa filin ciyawa kwaɗo,
suka ja layi da toka a busasshen tabki,
suka raɗa wa kansu 'Ya'yan Gishiri.

Shekara talatin ba kofi, ba ko cokali.
Ana lallasa su, su wanke riga, su koma dako,
ran Lahadi su sake shiri.

Sai shekarar da ambaliya ta cinye kasuwa.
A kwalekwale suka fita, takalma rataye a wuya,
suka je babban birni suka ci uku da biyu.
Mai tsaron gidansu da karyayyen yatsa ya tare ta ƙarshe.
Wagiman yakan ajiye dutsen guga a nan,
ya miƙo mini ɗan yatsansa lafiyayye
kamar shi ne ya karye, don in ga girman al'amari.

Bayan kofi, bashi.
Shugaba ya sayar da motar ƙungiya ya ɓace,
suka gangara rukuni na biyu, na uku,
awaki suka gaji ciyawar fili.
Matan garin ne suka ƙi:
kowace tukunya a rage mata tafin shinkafa,
a tara, a sayar, a biya koci.
Uwarsa ta yi haka shekara shida
ba ta taɓa sanin mene ne satar gida ba.
In ya zo nan muryarsa takan yi rauni,
sai in ce, miƙo sitati, jallabiyar nan na son ƙari.

Yau ga su a wasan ƙarshe kuma.
Mun jingina waya da gwangwanin sabulu,
gilashinta a tsage, hoton yana ɗingishi.
Can dare ya yi, nan rana na haɗa kayanta.
Ɗaya da ɗaya. Ƙarin lokaci. Ɗaya da ɗaya.
Ni Barmo ɗan Gumel, da ban taɓa ganin Jawa ba,
me ya haɗa cikina da wannan kaɗawa?
Bugun fenareti, huɗu da huɗu,
wani yaro siriri ya ajiye ƙwallo, ya ja baya,
sai ladan ya ɗaga murya daga masallacin Bukhari.

Wagiman ya dubi waya, ya dube ni.
Ya kife ta.
Muka ja ƙofa, muka bi sahu.
Allah Ya yafe mini raka'ar farko,
ban san surar da liman ya ja ba,
ina can Karangsuli, ina tsaye a sarari.

Da muka dawo, tun daga bakin titi
hanci ya riga kunne jin labari:
ƙauri.

Dutsen guga na kwance kan jallabiyar Bayamale,
ya zana mata kwalekwale ruwan ƙasa a ƙirji.
Wayar kuwa sai rawa take a kan tebur,
ƙanwarsa ce, ba magana, kuka da ganguna,
gari guda yana ihu ta cikin tsagaggen gilashi.
Ya zauna a kan kwandon wanki ya rufe fuska.
Na kashe wuta, na ba shi wuri.

Riyal tamanin Bayamale ya yanka mana,
muka raba biyu, ban yi ciniki ba.
Jallabiyar na nan rataye bisa ƙofa.
Mai kawo wanki yakan tambaya, wannan fa?
Wagiman ya ce tuta ce.
Ni kuwa in ce kofinmu ne,
na arba'in ɗina a ciki, na zama ɗan gari.